Gani Odutokun: Mai Zanen Da Ya Bar Fenti Ya Yi Magana

Yau ba maganar kasuwa ko tsadar hayar shago zan yi ba, labarin wani mai zane na kawo muku, sunansa Gani Odutokun. Da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa a Zariya ya yi karatu da aiki fiye da shekara 20.

An haife shi a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Ghana. Iyayensa Yarabawa ne mutanen Offa, neman abinci ne ya kai su can, mahaifinsa yana harkar koko. Kun ga ke nan ɗan ci-rani ne kamar mu, wanda ya tashi a garin da ba na kakanninsa ba. Da ya gama sakandare ya yi aikin akawu, sannan a 1972 ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta zane. Ya gama digiri na farko a 1975, na biyu a 1979, ya zama malami a sashen da ya yi karatu. A watan Fabrairu na 1995 ya rasu a haɗarin mota, a hanyarsa ta dawowa daga wani nunin zane a Legas.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake aiki. Yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya gangara, launi ya shiga cikin launi. Ba shi da cikakken iko a kan inda fentin zai bi. Sai ya tsaya ya duba abin da ya fito, ya ga inda zai gyara da inda zai ƙyale. Duk wanda ya taɓa saro kaya ya san wannan hali: kai da lissafinka, kasuwa da nata, gwaninta ita ce abin da ka yi bayan farashi ya juya. Yana kuma zane da gawayi, inda ya riƙa zana wani sarki da janarorinsa a daidai lokacin da soja ke mulki, mai hankali ya san da wa ake. A shekarar 2000 an yi nunin ayyukansa da na waɗanda ya yi wa tasiri a Landan. Abokin aikinsa Farfesa Jerry Buhari, ɗan yankin Kachia, shi ma ya yi suna a wannan fanni.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai shirme ne, ba mutum, ba doki, ba bishiya, yaro ma zai iya. To amma mu dubi kanmu. Babbar rigar da dattawanmu ke sawa ranar Juma'a, wa ya taɓa ganin askar wanzami mai kama da aikin aska takwas? Dagin da ke bangon gidajen Zariya da Kano, hoton me ne? Zanen hula fa, da na ƙwarya, da adon da malamai ke yi a allon zayyana? Duk layi ne da launi, ba su kwaikwayi siffar komai ba, amma muna ganinsu mu ce wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba. Ashe zane marar siffa ba baƙonmu ba ne, a jikinmu muke yawo da shi. Wanda ma yake gudun zana mai rai saboda addini, wannan hanya ta raba shi da damuwar.

Dalilin da ya sa maganar ta dame ni, ƙanena yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma duk kwalin da aka kwashe kaya a shagon Baba sai ya cika shi da zane. Yana so ya nemi Zariya. Baba ya ce zane ba ya ciyar da gida, kuma baƙo ba shi da gona a nan, shago ne gonarsa. Maganar Baba tana da nauyi, don shi ya san wahalar da ya sha kafin ya kafu a garin Gwari. Abin da na ce masa shi ne: Baba, ni ina shago, ba za a rufe ba, a bar yaron ya gwada. Ko bai zama Gani ba, mai wannan ilimi yana koyarwa, yana aiki a maɗaba'a, yana tsara zanen atamfa da allon talla. Har yau dai Baba bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba.

'Yan uwa, mu da muke zaune a garin wasu, kullum da ciniki kaɗai aka san mu. Ciniki abin alfahari ne, amma ba kowane yaro ne aka halitta don awo ba. Idan kun ga ɗanku yana ɓata bango da gawayi, kafin ku ɗauko bulala ku tsaya ku kalli abin da ya zana.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Sai mun sake haɗuwa.