Korona tsakanin Sabon Gari da Samaru

Hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar hunturu ba ta da abin kallo sai hazo. Muka wuce Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, kowa a motar ya rufe hanci da rawani ko gyale. Wani tsohon abokina, likitan dabbobi mazaunin Samaru, shi ya gayyace ni. Mun daɗe muna musu a waya kan klorokwin, wanda aka yi ta rububinsa a 2020 har wasu a Legas suka sha ya wuce kima aka kai su asibiti. An ce an gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje ya hana ƙwayar korona yaɗuwa, to don me bai warkar da mutane ba? Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, in zo.

A Kwangila ya tare ni, amma maimakon mu nufi Samaru sai ya tsayar da keke ya ce kasuwar Sabon Gari. Wajen 'yan kaji ya ja ni, inda warin kashi da ƙurar gashi suka haɗu da ta hunturu. Ya gaisa da wani dattijo da suka saba, ya tambaye shi yaya kaji da sanyi.

"Likita, sai godiya. Da iskar nan ta taso sai ka ji suna kakari da dare, hanci yana zuba, masu ƙwai su rage."

Da muka matsa gefe abokina ya ce yawancin abin da ke karkashe kaji a wannan lokaci cutar Newcastle ce, amma a cikin masu kakarin akwai wata murar kaji da korona ce ke kawo ta. Ita ce ma korona ta farko da aka sani: an bayyana cutar a 1931 a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, tun kafin a san ɗan Adam yana da tasa. Yadda likitocin dabbobi ke gwada ta shi ne abin da ya kawo ni gani. Ana ciro maƙogwaron ɗan tsakon da ya kusa ƙyanƙyashewa, a yayyanka shi zobe-zobe, a sa a ruwan da ke ciyar da shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga wasu siraran gasu a cikin zoben suna kaɗawa ba tsayawa. Aikinsu share majina da ƙura zuwa sama. In aka zuba ƙwayar cutar, bayan 'yan kwanaki sai su tsaya cik.

Da irin wannan dabara aka kama koronar mutane. A 1965, a wata cibiyar binciken mura da ke Salisbury a Ingila, David Tyrrell ya raya wata ƙwaya da ta ƙi tsira a ko'ina, sai a kan yankakken maƙogwaron ɗan tayin mutum. June Almeida ce ta ga siffarta a madubi mai aiki da lantarki, aka raɗa wa dangin suna a 1968.

Muka kamo hanyar Samaru ta Palladan, muka wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, har ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. A ciki ya nuna mini cibiyar ACENTDFB, ɗaya daga wuraren da hukumar NCDC ta amince su yi gwajin korona a 2020. Sai ya faɗa mini abin da Zazzagawa da yawa ba su taɓa ji ba: akwai koronar da ke ɗauke da sunan garinsu. A 2010 masu bincike na Jami'ar Columbia, tare da abokan aiki har da na nan Samaru, suka wallafa cewa sun gano wata 'yar uwar ƙwayar SARS a hanjin wani jemage da aka kama a kogo a Najeriya, suka sa mata sunan Zariya.

Sai bayan la'asar, a gidansa, da shayi a gabanmu, ya zo kan tambayata. Ya ce yanzu ba a tsaya ga yanka maƙogwaro ba, shuka shi ake yi. Ana ɗaukar ƙwayoyin halitta daga hanyar numfashin mutum, a shimfiɗa su a kan wani siririn tantani mai ƙananan huda. Abinci yana shigo musu ta ƙasa, samansu kuma a bar shi a buɗe ga iska, yadda suke a ƙirji. Cikin kamar mako huɗu sai su rarrabu da kansu, wasu su fitar da gasun nan masu kaɗawa, wasu su riƙa yin majina. A kan wannan ake ɗiga ƙwayar cutar, a sa magani, a ƙirga abin da ya fito. Maganin remdesivir, wanda Amurka ta amince da shi a Oktoban 2020, tun a 2017 aka nuna a Jami'ar Carolina ta Arewa cewa yana danne koronar SARS da ta MERS a irin wannan shuka.

"To, klorokwin fa?" na ce.

"Malam, a ƙodar biri aka fara gwada shi."

Ya yi bayani a hankali. Ƙwayoyin da ɗakunan gwaji suka fi amfani da su sun samo asali daga ƙodar wani biri na Afirka, domin suna da araha kuma ba su da wuyar raino. A cikinsu korona hanya ɗaya take bi: ƙwayar halittar ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka mai tsami, klorokwin kuma yana rage tsamin, sai ta maƙale. A hanyar numfashin mutum akwai wani sinadari da ake kira TMPRSS2, wanda ke buɗe mata shiga kai tsaye. Kamar gida ne mai ƙofa biyu, aka sa mai gadi a ta baya, ɓarawo kuwa ta zaure yake shiga. A 2020 aka gwada maganin a ƙwayoyin huhun mutum, aka gwada ɗan uwansa haidroksiklorokwin a shukakken maƙogwaro, babu wanda ya hana komai. Abin da ya ba ni haushi shi ne, labarin gwajin farko ya isa kowane shagon kyamis, na biyun kuwa ko a rediyo ban ji shi ba.

Na tambaye shi ko irin wannan aiki ya taɓa shafar mu kai tsaye. Ya ce sosai, kuma a garinku. MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, daga raƙuma take kama mutane. A 2015 aka samu ƙwayarta a raƙuman kwatar Kano. Masu bincike a Jami'ar Hong Kong suka zuba ta a kan naman huhu da maƙogwaron mutum, suka ga ta yammacin Afirka ba ta hayayyafa kamar ta Larabawa. Raƙuminmu ne, mahautanmu ne ke cikin haɗarin, amma sai da aka kai ƙwayar wata nahiya aka san halinta. Na ce me zai hana a yi a nan? Ya ce kawuna akwai. Abin da shukar ke so shi ne ɗumin digiri 37 dare da rana har wata guda ba tare da wuta ta ɗauke ba, da ruwan abincin da ake saye da dala, da ɗaki mai tsananin tsaro wanda ƙwayar ba za ta fita ba.

Da sassafe yana da rigakafin murar kaji a wata gona ta hanyar Shika, na bi shi. A kular ƙanƙara ya ɗauko maganin, an riga an hana kajin ruwa don su ji ƙishi, ya dama a ruwan rijiya domin na famfo mai sinadarin kulorin kashe shi yake yi. Daga gonar ya sauke ni a tasha na hau motar Kano.