Shekarar da Abuja ta sa wa Potiskum ido

A garinmu, Potiskum, ba a kiran sunan Adamu Ciroma gatsal, sai dai a ce Malam Adamu. A nan aka haife shi a 1934, daga nan ya tafi ya zama editan jaridar New Nigerian, ya riƙe gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, ya zo na uku bayan Shehu Shagari da Maitama Sule a zaɓen fid da gwanin NPN na 1978. A 1992 ya sake neman takarar shugaban ƙasa a NRC, Janar Babangida ya soke zaɓen ya haramta wa waɗanda suka tsaya sake takara. Shi ne ministan kuɗi na Obasanjo daga 1999 zuwa 2003. Saboda haka da aka wayi gari a 2010 shi ke jagorantar dattawan siyasar Arewa masu cewa sai mulki ya zauna a Arewa, mu a Potiskum ba mu ɗauke ta rigimar Abuja ba. Ta ƙofar gidanmu ce.

A lokacin ina cikin ƙananan masu riƙe da PDP a mazaɓarmu, irin waɗanda ke raba kati da shirya benci ranar taro. Zama ɗan PDP a Yobe a wancan lokacin abu ne mai wuyar sha'ani: kai ɗan jam'iyya mai mulki ne a Abuja, ɗan adawa a Damaturu, domin tun 1999 jihar tana hannun APP da ta koma ANPP. Abin da ke riƙe da mu shi ne karɓa-karɓa, wadda tsarin mulkin jam'iyyar ma ya ambata. Kudu ta yi shekara takwas da Obasanjo, Arewa ta karɓa da Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007. Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu 2010, bai ko cika zango ɗaya ba, Goodluck Jonathan ya hau. Tambayar da ke bakin kowa, daga tashar tireloli zuwa kasuwar hatsi, ita ce: ragowar shekarun na wa ne?

Amsar farko ba da baki aka ba da ita ba. Shugaban jam'iyya na ƙasa, Vincent Ogbulafor, ya fito tun a watan Maris, kafin rasuwar, ya ce mulki na Arewa ne har 2015. Ba a daɗe ba hukumar ICPC ta gurfanar da shi kan wata tsohuwar tuhuma ta zamanin da yake minista, a watan Mayu ya ajiye kujerar. Ban san gaskiyar tuhumar fiye da alƙalai ba, amma na san yadda aka fahimci lokacin da ta zo. Wani dattijo da muke zama a majalisarsa bayan sallar isha, wanda ya yi siyasa tun zamanin NPN, ya rage muryar rediyo ya dube ni ya ce, "Ɗana, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Kafin wannan, a watan Afrilu, Jonathan, yana riƙon ƙwarya, ya riga ya ba Alhaji Adamu Maina Waziri, shi ma ɗan garinmu, ministan harkokin 'yan sanda. Sai ga Potiskum da manya biyu a jam'iyya ɗaya: ɗaya a cikin gwamnati, ɗaya a gaban masu ja da ita. Uwargidan Malam Adamu kuma, Hajiya Inna Ciroma, ita ce shugabar mata ta PDP ta ƙasa a lokacin. Duk wanda ka gaisa da shi a kwanakin, sai ka fara tunanin gidan wa ya fito.

Watan Satumba ne ban manta da shi ba, don abubuwan sun zo a jere da ƙarshen azumi. Ranar 7 ga wata 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka tsere. Daga nan zuwa Bauchi tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma mu a Potiskum mun ɗanɗana rikicin Yulin 2009, mun san ko su wane ne. Washegari, 8 ga wata, Jonathan ya sauya hafsoshin soja, ya ba Hafiz Ringim sufeton 'yan sanda, ya ba Ita Ekpenyong shugabancin jami'an farin kaya. A majalisarmu an kwana ana muhawara kan wannan sauyi, wa aka cire, wa aka ɗora, me yake nufi ga zaɓe. Zancen Bauchi kuwa gajere aka yi shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Ranar 15 ga wata Babangida ya tara jama'a a dandalin Eagle don ƙaddamar da takararsa. Muna jiran rahoton rana sai wani ɗan ƙanena ya shigo da waya a hannu yana cewa, "Baba, shugaban ƙasa ya riga shi, ya bayyana takararsa a Facebook." Yawancinmu a ranar muka fara jin sunan abin. Amma dabarar ba ta ɓuya ga kowa ba: an san ranar da abokin hamayya ya tsayar, an jira ta, aka raba masa kanun labarai biyu ba tare da an hayo bas ko ɗaya ba. Sannan aka ɗauko Dakta Dalhatu Sarki Tafida, ɗan Arewa daga Kaduna, aka ba shi ragamar yaƙin neman zaɓen, don kada a ce Kudu ce ke yaƙar Arewa.

Daga nan ne sa-idon ya sauko har unguwanninmu. Ban taɓa ganin takarda daga fadar shugaban ƙasa ba, kuma ba a bukatar ta. Abin da na gani shi ne samari da sababbin wayoyi suna zama nesa kaɗan da ƙofar gidan da ake taro, ba su shiga, ba su tafiya. Ka je ɗaurin aure ka zauna kusa da wani, kafin la'asar a bugo maka: "Yaya, an ce an gan ka da mutanen can, lafiya dai?" Mai bugowar ƙaninka ne a unguwa, tare kuka yi makarantar allo, yanzu yana tara abin da zai kai gaba don a san yana aiki. Kowane ɓangare yana da nasa 'yan rahoton, ba gwamnati kaɗai ba, sai dai ɓangare ɗaya ne ke da kwangila da muƙami da 'yan sanda. Dattijon majalisarmu ya daina zancen siyasa idan baƙo ya zauna. Mutumin da ya yi gardama da 'yan PRP da GNPP a bainar jama'a yana saurayi, ga shi da furfura yana duba hagu da dama kafin ya buɗe baki.

Ranar 1 ga Oktoba, ana bikin cikar Nijeriya shekara 50, bama-bamai suka tashi kusa da dandalin Eagle, aƙalla mutum 12 suka mutu. Ƙungiyar MEND ta Neja Delta ta ɗauki alhaki, shugaban ƙasa ya ce ba ita ba ce. Cikin 'yan kwanaki jami'an farin kaya suka tsare Raymond Dokpesi, daraktan yaƙin neman zaɓen Babangida, suka yi masa tambayoyi suka sake shi. Su Malam Adamu suka fito suka nemi Jonathan ya sauka, ko majalisa ta tsige shi. Daga baya kotun Afirka ta Kudu ta ɗaure Henry Okah na MEND kan harin. Janar Aliyu Gusau ya riga ya ajiye muƙamin mai ba da shawara kan tsaro ya shiga takara, aka maye gurbinsa da Janar Andrew Azazi daga Bayelsa, jihar shugaban ƙasa.

'Yan kwanaki bayan babbar sallah, ranar 22 ga Nuwamba, kwamitin Malam Adamu ya sanar da Atiku Abubakar a matsayin ɗan takarar maslaha, a gaban Babangida da Gusau da Bukola Saraki. Masu cewa Malam ya rama abin 1992 ne ban yarda da su ba. Mutum ne da ya ɗauki alkawari abu mai nauyi, kuma a kan alkawarin ya tsaya. Amma ina ganin dattawan sun ɓata watanni suna auna mutum huɗu, alhali fadar shugaban ƙasa ba ta damu da huɗun ba. Gwamnoni take bi ɗaya bayan ɗaya, don gwamna ne ke da daliget, kuma kowane gwamnan PDP yana da tikitin kansa da yake tsoron rasawa.

Ranar 13 ga Janairu 2011, cikin sanyin hunturu, muka kwana a gaban talabijin da janareta. Kowace jiha da akwatunanta, a zuba ƙuri'unta a ƙirga su a fili, kamar yadda ake ƙirga shanu a bakin tirela ranar Laraba. Ƙuri'ar sirri ce a suna, amma babu gwamnan da zai iya ɓoye inda jiharsa ta faɗa. Da aka zo Adamawa, jihar Atiku, ta faɗa wa Jonathan, dattijon nan ya miƙe ya nemi takalmansa. Da gari ya waye: Jonathan 2,736, Atiku 805, Sarah Jibril 1.

A watan Afrilu talakawan Yobe suka zuba wa Buhari na CPC, har da da yawa cikin masu katin PDP a aljihu. Jonathan ya ci ƙasa, rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800. Shekara guda cur an san gidan da kowane ɗan siyasa ya shiga da wanda ya ci tuwo da shi, amma waɗanda suka fito daga gidan yarin Bauchi babu wanda ya gaya mana inda suka shiga. A ƙarshen Afrilun 2012 Janar Azazi da kansa ya tsaya a Asaba ya danganta ƙazancewar tashin hankalin da rigimar takara a cikin PDP. Cikin mako guda 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanunmu, muka binne mutum sama da talatin, shanu suka ƙone a ɗaure. A watan Yuni aka sauke Azazi, aka ba Sambo Dasuki.