Ranar da uwar garken shagonmu ta mutu



A taronmu na watan jiya na nemi a ba shugaba da ma'aji kalmar sirrin kwamfutar da nake ajiye bayanan ƙungiya. Wasu suka yi dariya, wani ma ya tambaye ni ko murabus nake shirin yi. Ba murabus ba ne. Lokaci ne bai ba ni damar yin bayani a wurin ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto abin da ya same mu a wurin aikina, don a can na samo wannan tsoron.

Da yawanku kun san bayan aikin sakatare, ina riƙe wa wani Alhaji lissafi a kasuwar Bodija nan Ibadan. Sarin hatsi yake yi, wake da masara da gero, ana lodo masa daga Dawanau da wasu kasuwannin Arewa. Diflomata ta akanta ce, ba ta kwamfuta ba. Duk abin da zan faɗa a nan, wuya ce ta koya min.

A shekarar 2018 littattafan bashi suka yi mana yawa, Alhaji ya yarda a koma kwamfuta. Muka samu wani yaro mai hazaƙa ɗan unguwarmu ta Sabo, ya tafi Computer Village da ke Ikeja ya sayo kwamfutoci biyar na tokumbo. Huɗu ya raba su: ɗaya a kanta wurin kashiya, ɗaya a sito, ɗaya a teburina, ɗaya a ofishin Alhaji. Ta biyar ya tura ta ƙarƙashin tebur a ɗakin baya, ya ce ita ce uwar garke, wadda masu wannan sana'a ke kira saba. Aikinta kamar na rumbu ne. Duk cinikin da kashiya ya shigar, duk buhun da ya fita daga sito, can yake zuwa ya kwanta. Sauran huɗun ɗebowa kawai suke yi su mayar. Ya ja waya daga kowacce zuwa wani ƙaramin akwati mai ƙofa takwas da ake kira suwic, ya haɗa firinta, cikin kwana biyu aiki ya tashi.

Gaskiya mun ji daɗi. Mota na sauke kaya a sito, ni ina gani daga kujerata. Alhaji ya tambayi bashin wata Iya, kafin ya rufe baki na faɗa masa. Yaron ya kuma maƙala wani faifan ajiya na waje a jikin uwar garken, ya ce kullum ƙarfe biyar da rabi na yamma za ta kwafe komai a kansa da kanta. Muka ce Alhamdulillahi, muka manta da ita. A 2020 ya samu aiki a Abuja ya tafi, muka yi masa fatan alheri. Babu wanda ya tuna ya ce masa, "Rubuta mana abin da ka yi kafin ka tafi."

A watan Fabrairun 2021 aka yi rikicin kasuwar Shasha, kowa a nan ya san abin da ya faru, shaguna sun ƙone, mutane sun rasa dukiya da rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na ji 'yan uwa da suka ce littafin bashinsu ya ƙone tare da kaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ban shafa ba. Na ce a raina ai mu namu yana cikin kwamfuta, ban ko lura cewa kwamfutar da kwafinta duk a ɗaki ɗaya suke ba.

Mu ba wuta ce ta ci mu ba. Wata safiyar Litinin cikin daminar shekarar, kashiya ya ce manhajar ciniki ta ƙi buɗewa. Na shiga ɗakin baya na durƙusa, sai na ji wata ƙara ƙas, ƙas, ƙas tana fitowa daga cikin uwar garken. Mai gyaran da muka kira yana jin ƙarar ya girgiza kai, ya ce faifan ciki ya tafi. Ya duba UPS ɗin da ya kamata ya riƙe ta idan an ɗauke wuta, ya tarar batirinsa ya daɗe da mutuwa. Ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta ko muka juya zuwa janareta, kwamfutar faɗuwa take yi tana tsakiyar rubutu, ga ƙurar hatsi ta toshe fankarta. Shekara uku tana shan wannan azaba.

Na ce ba komai, akwai kwafi. Aka jona faifan wajen a wata kwamfutar. Kwafin ƙarshe da ke ciki ya kai wata goma sha huɗu. Faifan ya cika tun tuni, domin kullum sabon kwafi ake zuba masa ba a share tsoho. Uwar garken ta yi ta nuna saƙon gargaɗi, amma babu mai gani, don da allon kashiya ya lalace ni da hannuna na cire nata na kai masa. Kullum da yamma ina ganin 'yar fitilar faifan a kunne in tafi gida hankali kwance.

Ko wannan tsohon kwafin ma bai buɗu ba sai da kalmar sirrin mai cikakken iko a manhajar, ita kuwa tana kan yaron. Ya canza lamba. Kwana tara muka yi kafin muka same shi ta hannun danginsa. Bai ɓoye mana komai ba, shi ma sai da ya yi ta gwadawa kafin ya tuno. Ban ga laifinsa ba, mu ne ba mu tambaya ba.

Ranar da na shiga na gaya wa Alhaji halin da ake ciki, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, da littafi ne, da na san shafin da zan buɗe." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ku tuna sana'armu da bashi take tafiya. Mata 'yan kasuwa na ɗaukar buhu goma, ashirin, su biya kaɗan-kaɗan. Mu ma masu loda mana daga Arewa suna bin mu. Wata biyu muka yi muna haɗa lissafi daga kwafin rasit, da saƙonnin banki da ke wayar Alhaji, da abin da yaran sito suka iya tunawa. A nan muka ga halin mutane. Wata Iya da ta ji labari ta zo da nata ɗan littafin, ta nuna mana muna bin ta fiye da abin da muka ƙiyasta, ta biya har kwabo. Wasu kuma, har da namu, suka ce sun biya tun bara, mu kuwa ba mu da abin nunawa. Alhaji ya ce a bar su da Allah. Kuɗin da suka salwanta ba zan faɗa ba don ba nawa ba ne, amma sun isa lodin mota.

Da muka tashi sake ginawa, na ce wannan karon sai na zauna kusa da mai aikin na fahimci kowane mataki. Ga abin da muka yi, ko zai amfani mai shago ko sito ko ofis a cikinku.

Mun ɗauke uwar garken daga ƙasa zuwa kan kanta inda iska ke ratsawa, mun mayar mata da allonta, kuma an hana kowa yin wani aiki a kanta. Ba a kallon fim, ba a cajin waya, ba a soka filashi. Mun sa mata faifai biyu masu rubuta abu ɗaya a lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amma mai aikin ya ja kunnena cewa wannan ba kwafin ajiya ba ne, domin in ka goge abu bisa kuskure, ko bairos ya shiga, duka biyun za su tafi tare. Ya koya min ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku na bayananka, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Yanzu muna da faifan waje guda biyu, kowace Juma'a in tafi da ɗaya gida in dawo da ɗayan. Farkon kowane wata kuma ina buɗe kwafin a wata kwamfuta in duba cinikin jiya yana ciki. Kwafin da ba ka taɓa buɗewa ba, zato kawai kake yi kana da shi.

UPS ɗin ma muna gwada shi. Mu zare fulogi mu ga ko zai riƙe har a kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace. An ba uwar garken adireshi tsayayye, 192.168.1.10, don da can in rauta ta sake tashi sai ta raba sababbin lambobi, kwamfutar sito ta yi ta neman uwarta ta rasa. Kowace waya mun liƙa mata takarda a kai biyu, an rubuta inda ta fito da inda za ta. Wayar da ta tafi sito mun auna ta, domin irin wannan waya ba a son ta wuce mita 100.

Da can kowa da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya yake shiga, har yaran sito sun haddace ta. Yanzu kowa da nasa. Kashiya na iya shigar da ciniki amma ba ya iya gogewa. Lissafin bashi ni da Alhaji kaɗai ke buɗewa. Duk wanda ya bar aiki, ranar ake rufe nasa. Ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'aikacin kansa, don in aka samu giɓi an san wanda ya taɓa da wanda bai taɓa ba. Mun kuma rabu da Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020 mu ba mu da labari.

Abin da ya fi duk waɗannan araha shi ne ya fi su amfani: littafi mai bango mai tauri. A ciki na zana yadda wayoyin suka bi, na rubuta lambar kowace na'ura, da ranar da aka canza batir, da abin da za a yi in ta ƙi tashi. Kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan a rufe, ɗaya a akwatin kuɗin Alhaji, ɗaya wurin babban ɗansa.

Ina cikin rubuta wannan littafi ne gabana ya faɗi. Rajistar 'yan ƙungiyarmu, da kuɗin wata-wata, da asusun taimakon marasa lafiya da na jana'iza, da sunayen marayun da muke ɗaukar nauyin karatunsu, duk suna cikin kwamfutata ta hannu, kalmar sirrinta kuma a kaina kaɗai. Wato ni ma na zama yaron nan na Abuja. Shi an same shi bayan kwana tara. Ni in ta Allah ta kasance a daren nan, wa za ku kira? Matar ɗan uwanmu za ta zo ta ce mijinta ya shekara takwas yana biya, ku rasa abin da za ku buɗe ku tabbatar mata.

Tuni na sa kwafin bayanan a filashi biyu, na kuma buga su a takarda. Abin da nake roƙo a taro mai zuwa shi ne a amince shugaba ya riƙe ɗaya, ma'aji ya riƙe ɗaya, duk bayan wata uku a buɗe a gaban kwamiti a tabbatar sun yi daidai da littafin ma'aji. Matasanmu da suka karanci kwamfuta, ina neman biyu su zo in nuna musu yadda na tsara komai.

Kai kuma ɗan uwa mai shago, gobe in ka buɗe, tambayi mai kula maka da kwamfuta abu biyu: ina kwafin yake, kuma wa ya san kalmar sirri bayan shi. Kada ka tashi sai ya buɗe kwafin ka gani da idonka.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya