Tsintuwa a Gindin Gobarau

Ran Asabar da hantsi muka kai 'yan ajinmu cikin birnin Katsina, domin su ga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da aka ce yana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Korau. Muna ta bayani, ashe hankalin yara na wani wuri. 'Yar kyanwa suka hango a gindin katanga, duk ta rame, kwantsa ta rufe mata ido ɗaya.

Yara suka ce lalle mu tafi da ita. Mu kuwa muka yi jinkiri, gama kyanwar da ba a san gidanta ba tana iya ɗauke da ciwon haukan kare, ga 'ya'yan mutane a hannunmu. Ban da haka mu baƙi ne a unguwar, tsintuwa kuma sai da cigiya.

Muka bi wani lungu, muka yi sallama a zaure. Wani tsoho ya fito da hular da yake ɗinki.

"Baba, ko kun san mai ita?"

"Malam, uwar ce mota ta take shekaranjiya. Ku ɗauka, lada ne."

Muka hana yara taɓa ta, muka sa ta a kwali sai asibitin dabbobi. Aka wanke mata ido, aka ce mu killace ta mu lura da ita tukuna.

Yanzu tana kwana a ɗakin ajiyar makaranta, inda ɓeraye suka cinye mana littattafan waƙa bara. Yara sun sa mata suna Gobarau.