Tsaratanana, dutsen da furensa ya yi arziki a Turai

Wannan mako tafiya ta kai mu tsibirin Madagaskar, cikin tekun Indiya, ƙasar da faɗinta bai kai rabin na Nijar ba, amma Allah ya hore mata tsirrai da dabbobin da babu irinsu ko'ina a duniya. Daga Antsiranana, babban birnin arewa, muka kama hanya mai lamba 6 cikin motar haya, muka nufi kudu har garin Ambanja, tafiyar da ba ta cika kilomita 250 ba.

Ambanja na bakin kogin Sambirano. Tun kafin baƙo ya sauka daga mota ƙamshin kakawo ke tarbarsa, wato ɗiyan itacen da ake yin shokola da su, domin an shanya su a farfajiyar gidaje kamar yadda muke shanya gujiya. Mafi yawan kakawon ƙasar daga wannan kwari yake fitowa. Ruwan da ke rayar da gonakin kuwa daga duwatsun Tsaratanana yake gangarowa, gabas maso kudu da garin, inda ƙololuwar Maromokotro take, mai tsawon mita 2,876, wadda ta fi kowace tsawo a tsibirin. Dutsen Bagzan namu na Ayar mita 2,022 ne.

Wani ɗan tsiro ne ya kawo ni, wanda masana ke kira Kalanchoe blossfeldiana. Tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ganyensa kauri gare shi da sheƙi, cike da ruwa, furanninsa ƙanana ne jajaye, kowane da kunne huɗu, a dunƙule bisa kan kara. Mu da muka saba ganin aguwa da karan masallaci cikin faƙo, muna ɗaukan tsiro mai ajiyar ruwa ɗan hamada ne. Wannan kuwa asalinsa kurmi ne mai sanyi da hazo, can saman duwatsun, inda yake tsira cikin ruɓaɓɓen ganye. Wasu ƴan uwansa ma a kan rassan itace da goshin dutse suke zaune, wurin da ruwan sama ba ya daɗewa, shi ya sa ajiya ta zame musu tilas. Da rana suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu, sai da dare su buɗe, don kada rana ta ƙwace abin da suka tara.

Ban samu hawa ba. Tun 1927 aka keɓe Tsaratanana a matsayin gandun da ba a shiga sai da izini, shi ma galibi don masu bincike. Sai na tsaya daga ƙasa ina hangen layin duwatsun da gajimare ya yi wa rawani.

Ga yadda tsiron ya bar gida. A shekarun 1920, lokacin mulkin mallaka, wani masanin tsirrai Bafaranshe, Henri Perrier de la Bâthie, ya tsinto shi a dutsen. A 1932 wani ɗan kasuwar iri na birnin Potsdam a Jamus, Robert Blossfeld, ya shigar da shi kasuwa, a 1934 kuma aka raɗa masa sunan da ke ɗauke da na ɗan kasuwar. Daga baya manoman Turai suka gane sirrinsa: ba ya fure sai dare ya yi tsawo. Sai suka riƙa lulluɓe shi da baƙin ƙyalle wajen awa 14 kullum har tsawon makonni, ya yi musu fure duk lokacin da kasuwa ta nema. A yau Holan da Danmark na fitar da miliyoyin tukwanensa kowace shekara, ja da rawaya da fari da ruwan hoda.

Alhali kuwa gidansa na asali kullum ƙanƙancewa yake. Bincike ya nuna tsakanin 1953 da 2014 Madagaskar ta yi hasarar kashi 44 cikin 100 na kurminta. A gindin Tsaratanana talakawa na sare daji su ƙone domin shuka shinkafa, wasu kuma suna ɓoye gonakin tabar wiwi cikin lungunan dutsen. Wanda yunwa ta kora cikin kurmi ba fure yake nema ba. Amma in kurmin ya ƙare, ƙasa za ta zaizaye ta cike kogi, manomin kakawo na Ambanja shi ne zai fara ji a jika.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi a raba amfani da ƙasar da aka ɗauko iri daga cikinta. Sai dai ba ta waiwayar abin da aka ɗauka tun 1932. Ƴan kasuwa da ma'aikatanmu, abin lura a nan shi ne riba ta tafi wajen wanda ya nazarci tsiron ya ninka shi, aka bar masu dutse da aikin gadi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.