Sai Mun Riƙe Na Ƙarshe A Hannu

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu 'yan majalisar ƙofar gidan Baffa a Surko, ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Mun so mu kawo wata magana mai nauyi, sai muka duba muka ga babu abin da ya hana mu sakat a kwanakin nan kamar gardamar da muka kwana huɗu muna yi: wane littafin yaƙi za mu ɗauko a hunturun bana?

Kada ku yi dariya. A wajenmu karatu ba na mutum ɗaya ba ne. Da an gama girbi an sayar da riɗi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, mu aika Kano a sayo. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar sola, ɗaya ya karanta saura su saurara. Mu bakwai ne masu karɓa-karɓar karatun, masu sauraro kuwa wani daren sun haura ashirin, akasarinsu ba su yi boko ba, ga Baffa da idonsa ya yi rauni. Saboda haka in muka zaɓi littafi, mun zaɓa wa mutane inda hankalinsu zai kwana na wata biyu ko uku.

Shekara biyu da suka wuce muka yi kuskuren da har yau ba mu manta ba. An kawo mana wani littafi, na ɗaya zuwa na uku. Ba za mu kira sunansa ba, laifin gaggawarmu ne. Muka dulmiya, muka kai ƙarshen na uku, an bar jarumi ɗaure cikin kogo, aljani ya zare takobi, marubuci ya ce sai mun haɗu a na huɗu. Muka aika Sabon Gari babu, muka sa aka duba wajen masu littattafai na Bata babu. Kawu, ƙanin Baffa, shi ya fi kowa ɗaukar abin da zafi. Kullum in ya zo zai zauna sai ya ce, "To samari, an kwance yaron nan kuwa?" Mu ce tukuna Kawu. Kafin azumi ya kwanta ciwo, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Na huɗun ya iso bayan sallah. Mun karanta, an kwance yaron, amma ranar babu wanda ya yi shewa.

Tun daga nan muka kafa doka: ba mu buɗe na ɗaya sai mun riƙe na ƙarshe a hannu.

Bana sunaye uku aka kawo. Samarin cikinmu suka tsaya kan Abdulaziz Sani Madakin Gini, ko Mazan Jiya ko Kundun Tsatsuba. Hujjarsu a fili take, mutumin ya iya riƙe majalisa. Kafin mai shayi ya juya kofi an gwabza, an ratsa daji, boka ya duba madubinsa ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Ko mai gyangyaɗi sai ya gyara zama. Masu suka suka ce ai in ka ji artabu uku ka ji sauran, sadauki ya daka tsalle, ƙura ta turnuƙe, maza sun zube. Gaskiya akwai ƙamshin hakan, sai dai su masu sukar ne ke fara cewa a ƙara shafi ɗaya in an zo tashi.

Malamin firamaren da ke cikinmu ya kawo Malikussaif Ibn Ziyazanun na Aliyu Abubakar Sharfaɗi. Asalinsa tsohuwar hikaya ce ta Larabawa a kan Saifu ɗan Ziyazan, sarkin Yaman da ya kara da Habashawa kafin zuwan Musulunci. A ciki uwar da ta haife shi ce ke ta neman halaka shi, kuma aka ɗora masa nemo littafin kogin Nilu kafin a ba shi matar da yake so. Jin haka majalisa ta yi tsit, don labarin uwa da ɗa ba ya barin kowa. Matsalar ita ce tsawo. Littafi ne mai kashi-kashi da yawa, kuma tsoffin bugu irin wannan sai ka samu na biyu a Kurmi, na biyar a hannun wani da ya ara bai mayar ba.

Autanmu da ke karatu a Dutse shi kuma ya ce mu leƙa waje, zai riƙa karanta na Turanci a waya yana fassara mana. Ya ambaci jerin littattafan George R. R. Martin da aka yi fim ɗin Game of Thrones da su. Muka tambaye shi, an gama? Ya sosa ƙeya ya ce na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, ana jiran na shida. Baffa ya ce, "Ashe su ma Turawan ana barin su a kogo." Maganar ta mutu a nan. Ya so ya koma kan Harry Potter, tunda bakwai ne cif kuma an rufe tun 2007, amma wa zai zauna ya fassara littafi bakwai da baki, ga jarrabawa a gabansa?

A nan muka lura kowa na yi wa kansa zaɓi ne, alhali ga dattijo zaune yana jin mu. Baffa ya haura tamanin. Muka ce, "Baffa, kai wanne ka gani?" Ya yi shiru, can ya ce shi bai ƙi sabo ba, amma kada a sa shi jira. Ya ce a ba yaron motar da ke zuwa Kano kuɗin, ya tsaya a ƙirga masa a gabansa, tsakanin na Madakin Gini da Malikussaif duk wanda ya samu cikakke shi ne rabonmu. In duka biyun da giɓi, ya dawo mana da kuɗinmu.

Kafin nan kuma ya ce a ɗauko masa Magana Jari Ce. Wasu suka ɓata fuska, wai an sha ji. An sha ji mana, tun ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya rubuta shi, amma uku ne ba ƙari, kuma duka ukun suna cikin akwatin Baffa, bugun Zariya, an ɗaure su da tsumma. Ga shi kowane dare aku na gama labarinsa, babu wanda zai tafi gida da jarumi a ɗaure.

Mun ba da kuɗin jiya da safe, mun kuma rubuta wa yaron a takarda ya buɗe shafin ƙarshe ya tabbatar an ce an gama. Wanda ya san adadin kashin Malikussaif a cikinku, don Allah ya faɗa mana kafin jibi, kada a cika mana hannu da rabi.

Yau da dare za mu fara na aku. Gara ta cinye shafukan farko na littafi na ɗaya, wajen da Sarki Abdurrahman ke neman haihuwa. Baffa ya ce kada mu damu, shi zai ba da wannan da ka, mu karɓa daga inda takarda ta fara.