Canjaras Mai Farashi: Wasiƙa daga Reykjavik

A filin dambe, 'yan wasa ba su da ikon cewa a tashi babu kisa. Sai an yi turmi uku ana gwabzawa, ba wanda ya kai ƙasa, sannan alƙali ya raba su. Wanda ya raɗa wa abokin karawarsa cewa su haƙura haka nan, makaɗi ba zai ƙara ambaton sunansa ba.

A nan Reykjavik ta ƙasar Iceland, inda gasar darar ces ta birnin ta samo asali tun 1964, doka ce ta ba ɗan wasa damar neman sulhu. Na ga wani dattijo ya tura dokinsa, ya yi tayin canjaras da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya danna agogo. Yaron da ke gabansa ya daɗe yana duban allo kafin ya miƙa hannu. Suka tsayar da agogo, kowa ya sa hannu a takardar ɗan'uwansa, aka rubuta musu rabin maki kowanne.

Sai dai rabon ba daidai ba ne. A buɗaɗɗiyar gasa gwani da ɗan koyo kan haɗu, kuma kusan kowa na da lambar ƙarfi da hukumar ces ta duniya, FIDE, ke lissafa masa. Idan tazararsu ta kai 200, lissafi na sa ran babban zai kwashi kusan kashi 76 cikin ɗari na makin. Saboda haka canjaras kan ƙara wa ƙaramin lamba, ya rage ta babban. Shi ya sa yaron ya fita da fara'a, dattijon kuwa, da ya fi shi lamba, fuska a murtuke, ko da yake shi ya yi tayin don ya ga alamar zai sha kaye.

Inda abin ke ɓata wa 'yan kallo rai shi ne idan manya biyu suka haɗu a zagayen ƙarshe, suka ɗan taɓa wasa suka yi musabaha don kowa ya tsira da kuɗin kyauta. Don magance haka, gasar Sofiya ta Bulgeriya ta hana yi wa juna tayi kai tsaye a 2005. A 2019 gasar Norway ta ƙara da cewa duk waɗanda suka yi canjaras sai sun sake karawa ta gaggawa, wadda dole a samu gwani. Masu shirya gasa sun gane cewa wanda ya zo kallo yana da haƙƙin a fafata a gabansa har ƙarshe.